Daga Aska Zuwa Kilifa: Tarihin Kan Namiji A Muchalla

Abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar gardama ce da muka yi da Baba ranar jajibirin Sallah, da na dawo daga cikin Mubi da sabon aski, gefe a kwashe, sama a tsaye. Ya dube ni ya ce, "Kai kuma, kuɗin ne bai kai ba aka tsaya a rabi?" Na ce Baba ai gyara ne. Ya ce su a Maraɗi aski ɗaya suka sani, a kwashe tas a sa hula. Na yi shiru don ba a ja da babba, amma da na bi diddigi sai na ga maganar tasa ba ta cika ba.

Mai karatu, tun kafin a san almakashin Bature, wanzami yana fasalta kai. Shi ne mai yawo da zabira, cikinta akwai aska da dutsen wasa ta da ƙaho, shi ke askin suna ranar bakwai, shi ke kaciya da tsaga da cire beli, har sarautarsu gare su, wato Sarkin Aska. To shi wannan wanzami ba ƙwal-ƙwabo kaɗai ya iya ba. Akwai zanko, wato a aske gefe biyu a bar gashi a tsakiya daga goshi zuwa ƙeya kamar na zakara. Akwai tukku, ɗan curi guda da ake bari. Da na matsa wa Baba da tambaya daga baya, shi da kansa ya amsa cewa da zanko ya yi yarinta. Ashe abin da ya yi mini dariya a kai ya riga ni ɗauka!

Abu biyu suka kwantar da wannan ado a ganina. Na farko hula da rawani, tun da kan da ke rufe kullum ba ya bukatar fasali. Na biyu hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya hana ƙaza'u, wato a aske wani sashe na kan yaro a bar wani. Malamai da dama sun ɗauke shi makaruhi, kuma da karatu ya yaɗu sai zanko ya koma abin ƙauye.

Ita kuwa kilifa daga nesa ta zo. Wani mutumin Amurka, Leo Wahl, ya sami takardar mallakar kilifarsa mai aiki da lantarki a 1921, a garin Sterling na jihar Illinois, kuma sunansa ne muke gani a jikin na'urar a shaguna. A nan wajenmu, gindin duwatsun Mandara dab da iyakar Kamaru, ta daɗe ba ta iso ba, don sai da wuta. Abin da ya tura mutane gare ta har da tsoro: bayan da aka ba da sanarwar cutar ƙanjamau a Najeriya a 1986, aka yi ta gargaɗi a rediyo kan aska ɗaya ga mutum goma. A 2002 aka buɗe Jami'ar Jihar Adamawa a Mubi, ɗalibai suka ƙaru, shaguna suka ƙaru, a shekarar ce kuma Ronaldo na Brazil ya ci kofin duniya da ɗan gashi a gaban goshi. Wannan ai tukku ne, sai dai ya zauna a gaba.

Bambancin gaske shi ne, aska abu biyu ta sani, ko akwai gashi ko babu. Kilifa ce ta kawo tsaka-tsaki. Haƙoran robar da ake saƙala mata a baki lamba gare su: lamba 1 tana barin kamar milimita 3, lamba 2 kamar 6, lamba 4 kamar 13. Gwani yakan fara daga ƙasa ba roba, ya ɗan hau ya buɗe marikin gefe, ya sa lamba 1, ya sa 2, yana fizge hannu waje a ƙarshen kowane ja don kada layi ya fito. In ka ga layi kwance a gefen kan mutum kamar an ɗora masa kwano, to mai askin ɗan koyo ne.

Saman kai kuma nan ake gane wanda ya san gashinmu. Gashin Bature ko Balarabe ana jiƙa shi, a ɗaga tsakanin yatsu biyu, a yanka da almakashi hawa-hawa don ya kwanta kan juna ya yi cika. Namu a murɗe yake, in ka jiƙa shi ka yanka, sai ya bushe ka ga wani gefe ya fi wani. Dole a taje shi a bushe ya miƙe tsaye, sannan a bi shi da kilifa a sama-sama kamar mai sassaƙa turmi. Cikar tana nan tun asali, aikin kawai a ba ta siffa. Na taɓa zama hannun wani da ya koyi aski a bidiyon waya, ya fesa mini ruwa ya kama almakashi, mako biyu ban cire hula ba.

Daga ƙarshe dai, duk ƙwarewar mai shago sai ya ɗauko reza ya fitar da layin goshi da na saje, ya ja fata da babban yatsa, sak yadda wanzami ke yi. Tsohon wanzamin da ya yi mini askin suna yana nan da ransa a Muchalla, amma samari sun daina zama gabansa, sai jarirai da dattawa irin su Baba, kuma 'ya'yansa babu wanda ya ɗauki zabirar. Na tambaye shi ko zai iya yi mini zanko irin na da. Ya ce zai iya, in Alhaji ya yarda. Ban kai maganar gida ba tukuna.