Tsufa da ƙwaƙwalwa: mantuwar da ke al'ada da wadda ke buƙatar likita

Ƙwaƙwalwar baligi na da nauyin kusan kilo 1,4, tana kuma ɗauke da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Yayin da shekaru ke ja, girmanta na raguwa sannu a hankali, musamman ɓangaren goshi, mai tsara aiki da yanke shawara, da wani ɗan sashe mai suna hipokam, wanda ke adana sababbin abubuwa.

Sai dai ba dukan basira ke ja da baya ba. Masanin halayyar ɗan Adam Raymond Cattell ya raba ta gida biyu. Ta farko ita ce saurin fahimta da warware sabuwar matsala, wadda ke fara raguwa tun mutum na da sauran ƙarfinsa. Ta biyu ita ce ilimin da aka tara, wato kalmomi, sanin sana'a da sanin mutane, wadda kan dawwama har bayan shekara 60. Shi ya sa dattijo kan sha wahala da sabuwar wayar salula, amma ya sasanta rikicin gona da ya gagari matasa.

Manta sunan wani a tuno shi daga baya, ko neman inda aka ajiye carbi, tsufa ne kawai. Amma ɓata a hanyar masallacin unguwa, maimaita tambaya ɗaya sau da yawa, ko kasa gane ƴaƴa, alamun gigin tsufa ne. Wannan cuta ce, ba maita ko aikin iskoki ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 cutar Alzheimer ce, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906.

Wata mantuwar tana warkewa, idan ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo ko ciwon damuwa ne suka jawo ta. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya kuwa, a garzaya asibiti, domin tana iya zama alamar zazzaɓi mai tsanani ko shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ke rage haɗari shi ne kula da hawan jini da ciwon sukari, barin taba, tafiya da ƙafa, neman maganin raunin ji da gani, da kuma kada a bar tsoho shi kaɗai a ɗaki ba abokin hira.