Gidajen Dutse na Iyakar Ingila da Sikotlan: Zamanin da Manomi Yake Kwana a Saman Shanunsa

Maƙalar wannan mako za ta kai mu arewacin Ingila, wajen iyakarta da Sikotlan, inda har yau ake ganin tsofaffin gidajen manoma na dutse da suka haura shekara 400. Turawa suna kiran irin wannan gida bastil, kalmar da ta samo asali daga Faransanci, ma'anarta gini mai kariya. Na zaɓo su ne domin abin da ya sa aka gina su ba baƙo ba ne a wurinmu: satar shanu.

A shekarar 1296 Sarkin Ingila Edward na Ɗaya ya kai wa Sikotlan yaƙi. Daga nan ƙasashen biyu suka shafe kusan shekara 300 ana yaƙi ana sulhu, kuma duk rundunar da ta taso ta kan mutanen iyaka take bi, ta ƙone amfanin gona ta kore dabbobi. Yankin kuwa tuddai ne masu sanyi da yawan ruwa, sun fi dacewa da kiwo a kan noma. A wasu kwaruruka kamar Tynedale da Redesdale ana raba gonar mamaci tsakanin 'ya'yansa maza, har gonakin suka yi ƙanƙantar da ba sa ciyar da iyali. Talauci ya haɗu da makami da raunin hukuma, sai kai hari ya zama sana'a.

Maharan nan dangi-dangi suke fita. Akwai zuriyar Armstrong da Elliot da Scott ta ɓangaren Sikotlan, akwai Charlton da Robson da Milburn ta ɓangaren Ingila, akwai kuma Graham da suke zaune a tsakani. Ba ruwansu da cewa wannan ɗan ƙasarmu ne, duk wanda ba dangi ba halal ne a wurinsu. Sun fi fita daga kaka zuwa tsakiyar hunturu, lokacin da dare yake da tsawo kuma shanu sun yi ƙiba za su iya doguwar tafiya. Manomin da yake son a bar shi ya kwana lafiya sai ya riƙa biyan wani jigon mahara kuɗi ko hatsi. Daga sunan wannan haraji ne Turanci ya sami kalmar blackmail da ake amfani da ita yau.

Ba wai babu hukuma ba ne. Kowace ƙasa ta raba iyakarta gida uku, gabas da tsakiya da yamma, ta naɗa wa kowane yanki mai tsaro. Akan sa ranar sulhu da masu tsaron ɓangarorin biyu za su zauna su saurari ƙorafi. Doka ta ba wanda aka yi wa sata izinin bin sawun dabbobinsa har cikin ɗaya ƙasar a cikin kwana 6, da karnuka da ƙaho, yana ɗauke da wuta a tsinin mashi don a san ba ɓarawo ba ne. Matsalar ita ce sau da yawa masu tsaron suna da hannu a harkar ko suna da dangi a cikinta. A 1525 Babban Limamin cocin Glasgow, Gavin Dunbar, ya sa aka karanta wata doguwar tsinuwa a kan maharan. Ba su fasa ba.

Da manomi ya ga haka sai ya koma ga magini. Yawancin gidajen bastil an gina su ne daga tsakiyar ƙarni na 16 zuwa farkon na 17. Gini ne mai kusurwa huɗu da hawa biyu, tsawonsa wajen mita 10, kaurin bangonsa kuwa kusan mita ɗaya, an jera shi da manyan duwatsun da aka samo a wurin. Hawan ƙasa na dabbobi ne. Ƙofarsa ɗaya ce, ƙarama, ba shi da taga sai 'yan tsage na shan iska. Da yamma sai a kora shanu da dawakai mafi daraja ciki, mutum ɗaya ya rufe ƙofar daga ciki da gungumen itace da yake shiga cikin ramin bango, sannan ya haura sama ta wata 'yar kafa a rufin. Iyali suna hawan sama. Ƙofarsu tana can bisa a jikin bango, sai da tsani ake kai mata, in dare ya yi a janye tsanin. Ɗumin jikin dabbobi yana hawowa ya rage musu sanyi.

Babban makamin mahari wuta ce, don haka a kanta maginin ya fi yin tunani. A gidaje da yawa rufin da ya raba dabbobi da mutane na dutse ne, an lanƙwasa shi kamar bakan da maginanmu suke yi wa soro, ta yadda ko an cinna wuta a ƙasa ba za ta ci sama ba. A wasu kuma an bar 'yar hanya a cikin bango daidai saman ƙofar ƙasa, domin a kwararo ruwa idan mahara sun tara itace a bakin ƙofa. Ana kuma gina gidajen kusa da juna, maƙwabci yana hango maƙwabci. Gidan ba zai iya jure wa runduna ba, kuma ba don haka aka yi shi ba. Aikinsa ya ɓata wa ɓarawo lokaci har gari ya waye ko ɗauki ya iso. Wanda yake son ganin misali, akwai Black Middens a kwarin Tarset cikin Northumberland, da kuma Woodhouses wanda aka sassaƙa shekarar 1602 a dutsen saman ƙofarsa.

Za mu fi gane wannan gini idan muka kwatanta shi da abin da ake ginawa a kudancin Ingila, inda babu wannan fitina. A Great Coxwell, cikin yankin Oxfordshire na yanzu, akwai wani ƙaton rumbu da aka gina wajen 1292 a gandun masu zaman zuhudu na cocin Beaulieu. Tsawonsa wajen mita 46 ne, faɗinsa kusan mita 13. Bangonsa dutse ne, rufinsa faifan dutse, ginshiƙan itacen da suke riƙe da rufin an ɗora su a kan turakun dutse don kada danshi ya ci gindinsu, kamar yadda muke ɗora rumbu a kan duwatsu saboda lema da gara. Yana da manyan ƙofofi masu kallon juna, amalanke ya shigo da dami, kuma a rumbunan irinsa a tsakanin ƙofofin ake bugun hatsi da shiƙa, iskar da take ratsawa ta kwashe ƙaiƙayi. Mai wannan rumbu ruwan sama da ɓera yake tsoro, shi ya sa ya buɗe ƙofa. Manomin iyaka mutum yake tsoro, shi ya sa ya matse tasa.

Ƙarshen lamarin ya zo a 1603, lokacin da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta rasu, Sarkin Sikotlan James na Shida ya gaji sarautar Ingila. Sarki ɗaya ya riƙe ɓangarorin biyu, mahari ya rasa inda zai tsallaka ya ɓuya. A 1605 aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na ƙasashen biyu don murƙushe su. An rataye da yawa, wasu ba tare da cikakkiyar shari'a ba, kuma a 1606 aka kwashe iyalai da dama na zuriyar Graham zuwa Ireland. Akwai zalunci a cikin aikin, kuma wasu manyan masu ƙasa sun yi amfani da damar suka mallake gonakin waɗanda aka kora. Duk da haka cikin 'yan shekaru hare-haren suka ragu ƙwarai.

Zaman lafiyar ma ya bar alamarsa a jikin gidajen. A maimakon tsanin da ake janyewa, sai aka gina matakalar dutse ta dindindin a waje, irin wadda ake gani a Black Middens. Aka faɗaɗa tagogi, aka fasa sababbin ƙofofi. Wasu iyalan suka gina sabon gida a gefe, tsohon ya koma ma'ajiyar ciyawa ko garken tumaki. Ragowar ɗaruruwan irin waɗannan gidaje suna nan a Northumberland da Cumbria.

Mu ma kakanninmu sun san wannan hali. A ƙarni na 19 garuruwa da ƙauyuka da yawa a ƙasar Hausa sun kewaye kansu da ganuwa ko shingen ƙaya, da magariba a shigo da dabbobi a rufe ƙofa. Yau kuma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato muna jin labarin manoman da sai sun biya 'yan bindiga haraji kafin su shiga gona ko su girbe abin da suka shuka. Tarihin iyakar Ingila ya nuna cewa bango mai kauri ya ceci rayuka da dukiya, amma an ci gaba da kai hari har sai da hukuma ta rufe wa mahara hanyar tsallake iyaka. Ya kuma nuna cewa idan aka yi aikin ba da adalci ba, mai ƙarfi ne yake cinye gonar mai rauni. Duka biyun ya kamata mu riƙa tambayar shugabanninmu a kansu.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a karkararmu. Wanda a garinsu akwai ragowar ganuwa ko tsohon rumbu mai tarihi, ya ba mu labarinsa mu ƙaru.