Ɗaliban Amurka da Yaƙin Biyetnam

Ki ɗan rage wutar murhu ki matso kusa, yau tarihi za mu taɓa. Za mu leƙa Amurka a zamanin yaƙin Biyetnam, mu ga halin da 'yan jami'a da iyayensu mata suka shiga.

A 1965 Amurka ta fara tura dakarunta masu yawa zuwa Biyetnam. Dokar ƙasar kuwa ta ce duk saurayin da ya cika shekara 18 sai ya yi rajista, in an kira shi soja ba shi da ta cewa. Amma an ɗaga wa ɗalibai ƙafa: muddin yaro yana jami'a, karatunsa kuma na tafiya daidai, ba a taɓa shi. To kin ga faɗuwa jarrabawa ta wuce abin kunya, tana iya kai ɗanki bakin daga. A 1966 hukumar ɗaukar soja har jarrabawa ta musamman ta shirya wa ɗalibai, ana kuma duba matsayin yaro a aji. Malamai da dama suka shiga tsaka mai wuya, don sun san jan biron da suka zana zai iya zama sanadin tafiyar ɗan wani.

Su wa suka rage ke nan? 'Ya'yan talakawa, waɗanda iyayensu ba su da halin biyan kuɗin jami'a. Ƙorafi ya yi yawa, sai gwamnati ta koma ƙuri'a. Ranar 1 ga Disamba, 1969, aka zuba ranakun haihuwa 366 a cikin wani tulun gilashi, ana zarowa ɗaya bayan ɗaya, ana watsawa ta rediyo da talabijin. Ranar 14 ga Satumba ce ta fara fitowa. Ki kwatanta kanki da uwar da ta haihu a wannan rana, tana zaune tana saurare.

A watan Afrilun 1970, shekarar da yaƙin basasarmu ya ƙare, Shugaba Nixon ya sanar da cewa sojojinsa sun kutsa Kambodiya. Ɗalibai suka fusata. Ranar 4 ga Mayu, a Jami'ar Kent da ke jihar Ohayo, dakarun jihar suka buɗe wuta. Cikin daƙiƙa 13 aka kashe ɗalibai 4, aka raunata 9. Biyu daga cikin mamatan 'yan mata ne. Ɗayarsu, Sandra Scheuer, mai shekara 20, ko zanga-zangar ma ba ta shiga ba, hanyarta ta zuwa aji take. Ranar 15 ga watan, 'yan sanda suka kashe matasa baƙar fata 2 a Kwalejin Jackson da ke Misisifi. Ɗaruruwan makarantu suka tsaya cik.

Kada ki ɗauka iyaye mata sun naɗe hannu. Tun 1967 wasunsu suka kafa ƙungiya a Kalifoniya, suka riƙa aika katunan neman zaman lafiya ga 'yan majalisa, da yawansu daga cikin gidajensu suke rubutawa.

A 1971 aka rage shekarun yin zaɓe daga 21 zuwa 18, bisa hujjar cewa wanda ya isa a tura shi yaƙi ya isa ya zaɓi mai tura shi. A 1973 aka daina ɗaukar soja na dole. Kafin ƙura ta lafa, Amurkawa sama da 58,000 sun mutu, mutanen Biyetnam kuwa sun haura miliyan.

Don haka uwargida, in ɗanki ko 'yarki sun dawo hutu, kada tambayar ta tsaya a kan sakamako. Ki zaunar da su, ki ji abin da ke damunsu da abin da ake tattaunawa a makarantar. Allah ya raya mana zuri'a, ya zaunar da mu lafiya. Sai mako mai zuwa.