Yadda Masu Talla Suka Fara Leƙen Ƙwaƙwalwar Mai Saye

Tun farkon ƙarni na 20 masu talla a Amurka suka lura cewa abin da mai saye ke faɗa da baki ba kullum yake dacewa da abin da hannunsa ke ɗauka a kanti ba, shi ya sa suka koma ga masana halayyar ɗan'adam. A 1908 Walter Dill Scott na Jami'ar Northwestern ya wallafa littafi yana nuna cewa cusa ra'ayi a fakaice ya fi kafa hujja tasiri, sannan a 1920 John B. Watson ya bar Jami'ar Johns Hopkins ya shiga kamfanin talla na J. Walter Thompson. A 1957 James Vicary ya yi iƙirarin cewa ya ƙara cinikin Coca-Cola da gugguru a wata silima ta hanyar haska saƙonni cikin ƙiftawar ido, amma a 1962 ya amsa cewa ba shi da ƙwaƙƙwarar hujja, bayan labarin ya riga ya tayar da hankalin jama'a.

Al'amarin ya sauya da zuwan na'urar fMRI, wadda ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta hanyar bin gudanar jini don gano sashen da ke aiki a lokacin da mutum yake gani ko ɗanɗanawa. A 2004 Read Montague da abokan aikinsa a Kwalejin Likitanci ta Baylor suka shayar da mutum 67 Coca-Cola da Pepsi. Sa'ad da aka ɓoye sunayen, zaɓin ya rabu biyu kusan daidai, kuma sashen gaban ƙwaƙwalwa mai auna daɗi ne ya bi abin da harshe ya so; da aka nuna tambarin Coca-Cola kuwa, sai sassan da ke da alaƙa da tuna baya suka motsa, mutane kuma suka karkata gare shi, alhali tambarin Pepsi bai haifar da irin wannan ba. Wannan sakamako yana da nauyi ƙwarai, domin ya nuna cewa shekarun da aka kwashe ana talla suna zama a cikin mutum har su rinjayi abin da harshensa ke gaya masa, kuma mai saye ba ya iya kare kansa daga tasirin da bai san yana aiki a kansa ba.

Sai dai motsin wani sashe na ƙwaƙwalwa ba ya bayyana tunanin mutum kai tsaye, tunda sashe guda yakan yi ayyuka da dama, don haka kamfanonin da ke tallar cewa sun gano wani makunni a ƙwaƙwalwa mai sa mutum ya saya suna wuce abin da ilimi ya tabbatar. Duk da haka Faransa ba ta yi sakaci ba: a 2011 ta kafa dokar da ta taƙaita amfani da hoton ƙwaƙwalwa ga aikin likita, binciken kimiyya da shari'a kaɗai.