Beatles da George Martin: abin da ya faru a situdiyon Abbey Road cikin 1962

Ranar 6 ga watan Yuni 1962, wasu samari huɗu daga birnin Libaful na ƙasar Ingila suka shiga situdiyon kamfanin EMI da ke titin Abbey Road, a Landan. Babbansu, John Lennon, shekararsa 21. Sauran su ne Paul McCartney da George Harrison da mai kiɗa musu ganguna, Pete Best. Sun saba wasa a gidajen rawa na Libaful da na Hambug a Jamus, amma ba su san aikin faifai sosai ba. Kafin nan, ranar 1 ga Janairu, kamfanin Decca ya gwada su, ya ƙi ɗaukarsu.

Mutumin da makomarsu ke hannunsa shi ne George Martin, ɗan shekara 36, shugaban Parlophone, wani ƙaramin reshe na EMI. Ya yi karatun kiɗa mai zurfi, kuma an fi saninsa da tsara faifan ƴan barkwanci irin su Peter Sellers. Aikin mai tsara faifai a wancan zamani yana da girma: shi ke zaɓen waƙa, shi ke faɗin yadda za a kiɗa ta, mawaƙa kuwa su bi.

A wannan rana an ɗauki waƙoƙi huɗu, uku daga ciki nasu ne na kansu. Ba su burge Martin ba. Ya zaunar da su ya yi musu doguwar nasiha a kan lalatattun na'urorinsu, daga bisani ya tambaye su ko akwai abin da bai yi musu daɗi ba. Harrison ya amsa da cewa karabat ɗin da ke wuyan Martin ne bai yi masa ba. Aka fashe da dariya. Martin ya sha faɗa daga baya cewa halinsu da raharsu ne suka fara jan hankalinsa, tun kafin waƙoƙinsu.

Sai dai zaman ya bar baya da ƙura. Martin ya ga kiɗan Best bai daidaita yadda faifai ke buƙata ba, ya ce zai ɗauko wani makaɗi don aikin situdiyo kaɗai. Abokansa suka wuce nan: ranar 16 ga Agusta, manajansu Brian Epstein ya sallami Best, Ringo Starr ya maye gurbinsa. Shi ma Ringo bai tsira nan take ba, don ranar 11 ga Satumba an ɗora wani ƙwararre, Andy White, a kan gangunan.

Babbar gardamar ta taso ne a kan zaɓen waƙa. Martin ya kawo musu How Do You Do It, wadda Mitch Murray ya rubuta, yana da tabbacin za ta karɓu. Sun rera ta ranar 4 ga Satumba, amma suka nuna tasu suke so. A ƙarshe tasu aka fitar, wato Love Me Do, ranar 5 ga Oktoba, ta tsaya a matsayi na 17 cikin jerin faifan da aka fi saye a Ingila. Waƙar da suka ƙi kuwa, Martin ya ba ƙungiyar Gerry and the Pacemakers, ta kai matsayi na ɗaya a 1963. Ke nan kunnensa bai yaudare shi ba. Duk da haka bai koma tilasta musu waƙoƙin wasu ba. Ya ɗauki tasu yana gyarawa: Please Please Me da farko a hankali ake rera ta, shi ya ce a ƙara mata sauri, kuma da ita suka yi suna a faɗin ƙasar. Ranar 11 ga Fabrairu 1963, cikin yini guda, suka ɗauki waƙoƙi 10 na faifansu na farko mai tsawo, Lennon yana fama da mura.

Mu malamai, wannan tarihi ya shafe mu. Sau da yawa ɗalibi kan kawo rubutunsa mai rauni, alhali muna da wanda ya fi shi kyau a littafi. Idan muka ba shi na littafi ya haddace, zai ci jarrabawar bana, amma ba zai koyi rubuta nasa ba. Martin ya san waƙar Murray ta fi shiga kasuwa a lokacin, sai ya zaɓi wahalar gyaran ta samarin. Ya ci gaba da aiki tare da su har 1970, ya rasu a 2016. Pete Best kuwa, wanda hukuncin yini guda ya sauya masa rayuwa, ya yi shekaru kusan 20 yana aikin gwamnati a Libaful. Wannan ma abin tunawa ne ga duk mai riƙe da jan alƙalami.