Motoci Masu Aiki Da Lantarki: Samuwarsu, Rangwamen Farashi Da Saye Kai Tsaye Daga Kamfani

Gabatarwa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka bayyana janye tallafin man fetur a Najeriya, kuɗin mai ya zama abin da ya fi cin aljihun direbobin haya da manoma masu kai amfanin gona kasuwa, haka nan da ƙananan hukumomi masu motocin aiki. Wannan ne ya sa hankalin jama'a ya fara karkata ga motoci masu aiki da lantarki. A wannan shafi mun tattaro bayani a kan abubuwa uku da mai niyyar saye ya kamata ya sani, wato inda ake samun motar a ƙasa, dalilin da ya sa ake yin rangwame a kanta, da kuma ma'anar saye kai tsaye daga kamfanin da ya ƙera ta. Manufarmu ita ce kada wani mutum ko wata hukuma ta zuba dukiya a cinikin biri a sama.

Mece Ce Mota Mai Aiki Da Lantarki?

Mota ce da babban batir ke tafiyar da ita a maimakon injin mai. Ba ta da tankin mai, ba ta da salansa ko fulogi, ba a kuma yi mata juyen baƙin mai. Ana auna girman batirinta da kilowat-awa, ma'aunin da mitar wutar gida ke ƙirgawa. Matsakaiciyar mota takan ci kilowat-awa 15 zuwa 20 a kowace tafiyar kilomita 100. Ke nan mai batirin kilowat-awa 60 za ta yi kilomita 300 zuwa 400 kafin ta nemi caji, wanda ya wadatar da tafiya daga Kano zuwa Kaduna, amma zuwa da dawowa sai an yi caji a tsakani. Akwai kuma motoci masu haɗa injin mai da batir. Waɗannan daban suke, don haka ya kamata mai saye ya tabbatar da wace iri ake tallata masa.

Yadda Kasuwar Take A Duniya

Bisa ƙididdigar Hukumar Makamashi ta Duniya, an sayar da irin waɗannan motoci kimanin miliyan 14 a shekarar 2023, sannan fiye da miliyan 17 a 2024, idan an haɗa da masu injin mai da ake iya yi wa caji. Fiye da miliyan 11 daga cikin na 2024 a ƙasar Sin aka sayar da su. A Afirka kuwa, ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur da dizal a 2024.

Samuwar motocin ta sauya cikin ɗan lokaci. A 2021 da 2022 an yi ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ake harhaɗa mota da su, har mai saye a Amurka ko Turai kan yi watanni yana jiran motar da ya yi oda. Daga 2023 al'amarin ya juya. Farashin ma'adinin litiyam, wanda ake yin batir da shi, ya faɗi ƙwarai bayan ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022, masana'antu suka ƙara yawan abin da suke ƙerawa, motoci suka fara taruwa a filayen ajiya. Alal misali, a watanni uku na farkon 2024 kamfanin Tesla ya ƙera motoci kimanin 433,000, ya miƙa wa masu saye kimanin 387,000. Ragowar ita ce ake kira motocin da ke ƙasa.

Motar Oda Da Motar Da Ke Ƙasa

Motar oda ita ce wadda mai saye ya zaɓi launinta da girman batirinta, ya ba da kafin alƙalami, sannan ya jira a ƙera ta. Motar da ke ƙasa kuwa an riga an ƙera ta, tana da lambar shasi, ana iya ɗaukarta cikin kwanaki. Irin wannan takan kasance ɗaya daga cikin uku: sabuwa fil wadda ba a samu mai saye ba, ko wadda wani ya yi oda ya fasa, ko kuma wadda aka riƙa ba masu saye suna gwada tuƙi da ita. Ta ukun ta fi araha domin ta ɗan yi tafiya.

Abin lura a nan shi ne, motar lantarki da ta daɗe a ajiye, musamman cikin zafin rana kuma batirinta cike taf ko a ƙare ƙaf, ƙarfin batirin yakan ragu. Saboda haka a duba watan da aka ƙera ta, wanda ake rubutawa a jikin ƙofar direba ko a takardunta.

Daga Ina Rangwame Ke Fitowa?

Rangwame yana da tushe uku, kuma sanin tushen ne ke nuna ko zai iso ga mai saye a nan gida.

Na farko, ragin da kamfani ke yi domin ya rabu da kayan da suka taru, galibi a ƙarshen kowane wata uku ko ƙarshen shekara, ko lokacin da sabon samfuri ke shirin fitowa. A watan Janairun 2023 Tesla ya rage farashin Model Y a Amurka daga dala 65,990 zuwa dala 52,990, wato kusan kashi 20 cikin ɗari. A ƙasar Sin ma gasa tsakanin kamfanoni irin su BYD ta sa farashi ya yi ta sauka.

Na biyu, tallafin gwamnati. Wannan na mazauna ƙasar da ta bayar ne kawai, kuma yana da wa'adi. Sin ta daina ba masu saye tallafin kuɗi a ƙarshen 2022, Jamus ta dakatar da nata tsarin na wancan lokaci a watan Disamban 2023, Amurka kuma ta kawo ƙarshen sassaucin haraji na dala 7,500 a ranar 30 ga Satumba, 2025. Duk dillalin da ya ce zai samo wa mutumin ƙauyenmu irin wannan tallafi na wata ƙasa, a yi hattara da shi. A Najeriya, Gwamnatin Tarayya ta sanya motocin lantarki cikin kayan da ta ɗauke wa harajin sayen kaya a 2024. Da yake dokokin haraji da kuɗin fito suna sauyawa, a nemi bayanin abin da ake biya daga Hukumar Kwastan kafin a biya kuɗin mota.

Na uku, ragin da dillali ke yi daga cikin ribarsa, wanda ake samu ta hanyar tayi kamar kowane ciniki.

Rangwame yana da nasa lahani. Idan farashin sabuwa ya sauka, darajar ta hannu ma sai ta faɗi. Kamfanin hayar motoci na Hertz ya gamu da wannan, har a watan Janairun 2024 ya bayyana cewa zai sayar da motocin lantarki kimanin 20,000 daga cikin nasa. Wanda ya saba sayen mota da niyyar sayarwa bayan shekara biyu ya sa wannan a lissafi.

Saye Kai Tsaye Daga Kamfani

A tsohon tsari, kamfani yana sayar wa dillali a kan sari, dillali ya ɗora riba ya sayar wa jama'a, ya kuma ɗauki nauyin gyara. Tesla, wanda aka kafa a 2003, ya yi fice wajen bin wata hanya dabam: mai saye yana zaɓar mota a intanet ko a shagon kamfanin, ya biya farashin da aka rubuta, babu tayi kuma babu la'ada. Kamfanonin Rivian da Lucid a Amurka da Nio a Sin sun bi irin wannan tsari. BYD kuwa ya fi dogara ga dillalai da wakilai a ƙasashen waje.

Tsarin bai samu karɓuwa ko'ina ba. Jihohin Amurka da dama suna da dokokin da ke kare dillalai ta hanyar hana mai ƙera mota sayarwa da kansa. A jihar Teksas, inda Tesla ya mai da hedkwatarsa a 2021, ya kuma buɗe masana'anta a 2022, doka ba ta ba shagunansa damar ƙulla ciniki ba, sai dai mai saye ya yi oda ta intanet a kammala takardu ta wata jiha.

Amfanin saye kai tsaye shi ne farashi ɗaya ga kowa, kuma an san wanda za a riƙe idan matsala ta taso. Illarsa ita ce kamfani na iya sauya farashi dare ɗaya, kuɗin oda sau da yawa ba a mayar da shi, kuma gyara yana hannun kamfanin. Abin da ya fi shafarmu shi ne, kamfani yana sayarwa kai tsaye ne a ƙasashen da yake da ofis kaɗai. Har zuwa 2025 Tesla bai buɗe ofishin sayarwa a Najeriya ba. Ke nan wanda ya ce zai sayo maka motar kai tsaye daga kamfani, shi ma dillali ne, kuma garantin da aka bayar a can ba lallai ya biyo motar zuwa nan ba.

Halin Da Ake Ciki A Najeriya

A ƙarshen 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas. A 2021 Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, wato NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato wanda ya zana motar Chevrolet Volt, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A watan Disamban 2023 aka ƙaddamar da motocin haya a Maiduguri, cikinsu har da tasi masu lantarki. Kamfanin Innoson da ke Nnewi ya nuna tasa motar lantarki a 2024, sannan a 2025 aka fara sayar da motocin BYD ta hannun wakilin da kamfanin ya amince da shi.

Saboda haka hanyoyin saye uku ne: daga masu harhaɗawa a cikin gida, wanda shi ne mafi kusa da saye kai tsaye, daga wakilin da kamfani ya naɗa, ko ta hannun mai shigo da mota, sabuwa ko ta hannu. Hanya ta ukun takan fi araha a baki, amma ita ce ta fi haɗari.

Abubuwan Dubawa Kafin Biyan Kuɗi

1. Wutar caji. Soket na gida yakan ɗauki sa'o'i 20 ko fiye kafin ya cika batirin kilowat-awa 60, na'urar caji ta bango mai kilowat 7 kuma kimanin sa'o'i 9. Inda babu tsayayyar wuta, faranti goma na sola masu wat 500 za su iya ba da cajin tafiyar kilomita 100 a ranar da babu hazo ko hadari. A haɗa kuɗinsu da kuɗin motar.

2. Bakin caji. Na Sin daban, na Turai daban, na Amurka da na Japan ma daban. A tabbatar bakin motar ya dace da tashar da za a riƙa zuwa.

3. Lafiyar batir. Shi ne mafi tsada a jikin motar. A motar hannu a nemi a auna shi a gaban mai saye, domin gani ya kori ji. A yankinmu mai zafi an fi son batirin da ake sanyaya shi da ruwa.

4. Garanti a rubuce. Yawancin kamfanoni suna ba batir shekara 8 ko kilomita 160,000. A tambayi inda za a kai motar a cikin Najeriya da wanda zai biya.

5. Gyara da kayan gyara. Batirin yana ɗauke da wuta mai ƙarfin volt ɗaruruwa, wadda ke iya kisa. Kada a bar bakaniken da bai samu horo ba ya buɗe shi.

6. Takardu. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ta dace da ta takardun kwastan, sitiyari kuma ya kasance a hagu kamar yadda dokar ƙasa ta tanada.

7. Hanya. Yawancin waɗannan motoci batirinsu a ƙarƙashi yake. Mai bin hanyar burji ko mai ƙetare rafi da damina ya duba tsayin motar daga ƙasa.

Jan Hankali Ga Jami'an Ƙananan Hukumomi

Rangwame ba ya ɗauke wajibcin bin dokar sayen kayan gwamnati. Ko da an ce ragin na kwana uku ne, a nemi farashi daga masu sayarwa fiye da ɗaya, a kuma kwatanta jimillar abin da motar za ta ci a tsawon shekarun aikinta: kuɗin saye, wurin caji, gyara da horar da direba. Ya fi dacewa yarjejeniya ta ƙunshi ranar kawo mota, garantin batir da samar da kayan gyara, kuma kada a biya cikakken kuɗi sai motar ta iso an gwada ta. Motar lantarki ta fi amfani a aikin da tafiyarsa sananniya ce kuma ake kwana wuri ɗaya, kamar jigilar ɗalibai da ma'aikata ko zirga-zirga tsakanin sakatariya da gundumomi. Motar ɗaukar marasa lafiya, wadda ake iya kira kowane lokaci zuwa nesa, tana bukatar tabbacin caji dare da rana kafin a yanke shawara.

Kammalawa

Muna shawartar jama'a da su fara da tambayar inda za su yi caji da wanda zai gyara, kafin tambayar nawa aka rage. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda aka sayar wa mota saɓanin yadda aka siffanta masa yana da damar kai kuka ga Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, don haka a adana rasit da takardar yarjejeniya da duk wata shaidar biyan kuɗi ta banki.