Me ke sa waifar tsohuwar mota tafiyar hawainiya?

A ƙasar Yauri, ruwan farko na damina kan sauka ne a wajejen watan Afrilu ko Mayu. A ranar ce direbobin tsofaffin motoci da dama ke gano cewa waifarsu, wato hannuwan nan da ke share ruwa daga gilashin gaba, ta koma jan jiki.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Motar da ke gudun kilomita 80 cikin sa'a guda tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan waifa ta ɗauki daƙiƙa 3 kafin ta je ta dawo, direba zai shafe fiye da mita 60 yana leƙen hanya ta cikin ruwa.

A kan babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yelwa ta nufi Koko da Jega, inda manyan motoci ke watsa wa na bayansu ruwa da laka, wannan tazara ta isa a afka wa rami, ko babur, ko garken shanu.

Akasari dai abin da ake fara yi shi ne neman sabon injin waifa. Amma sau da yawa injin lafiyarsa lau: ko dai wani abu ne ya cije, ko kuma wuta ba ta isa gare shi yadda ya kamata.

Motocin da abin ya fi shafa

Idan ana zancen tsohuwar mota a arewacin Najeriya, Peugeot 504 ce, wadda aka fi sani da Fijo, ke fara zuwa a rai.

An fito da ita a Faransa a shekarar 1968, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji. Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motocin Peugeot a 1975, kuma ta ci gaba da fitar da 504 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, da daɗewa bayan an daina ƙera ƙaramar motar a Turai a 1983.

Shekara da shekaru, 504 mai dogon baya da a-kori-kura su ne ke jigilar fasinja da albasa da shinkafa da bandan kifi tsakanin kasuwannin bakin tafkin Kainji da manyan garuruwa.

A yau wasu motocin sun karɓe yawancin wannan aiki a tashoshi. Waɗanda suka rage, ko mafi ƙuruciyarsu ta kai kimanin shekara 20, kuma kayan waifarta sun tsufa tare da ita.

Bayanin da ke tafe ya shafi sauran tsofaffin motoci masu waifar lantarki, domin tsarin kusan ɗaya ne.

Yadda waifa ke aiki

Sassa huɗu ne ke haɗuwa su yi aikin.

Na farko ƙaramin injin lantarki ne mai aiki da wutar batir ta bolt 12. A cikinsa akwai amaca da ke juyawa, da 'yan gutattsarin kabon da ke shafar ta suna ba ta wuta. A injina masu gudu biyu, kabon uku ne: ɗaya na gudun ƙasa, ɗaya na gudun sama, ɗaya kuma na tarayya.

Na biyu akwatin giya ne da ke manne da injin, cike da giris. Shi ke rage saurin juyawa ya mayar da shi ƙarfi.

Na uku sandunan ƙarfe ne da ke ɓoye a ƙarƙashin gilashi, waɗanda ke mayar da juyawa zuwa kai-da-komo.

Na huɗu kuwa turaku biyu ne da suka huda jikin mota suka fito waje, inda ake ɗaura hannuwan waifa da robarsu.

Duk inda aka samu cikas a wannan jeri, sakamakon iri ɗaya ne a idon direba: waifa ta yi sanyi.

Akwai ma'aunin da za a iya kwatantawa da shi. Dokar ƙera motoci ta Amurka ta tanadi cewa a gudun sama, waifa ta je ta dawo aƙalla sau 45 a cikin minti guda. Mai mota na iya jiƙa gilashinsa, ya tayar da inji, ya ƙirga da agogo.

A rani ake kamuwa, a damina ake gani

Yanayin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga na jihar Kebbi na da hannu a cikin matsalar.

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu, kusan wata 6 ke nan, da ƙyar ake kunna waifa. A tsawon wannan lokaci ƙurar hunturu na shiga ta kafofin da ke gindin gilashi, ta cakuɗe da giris.

Sai zafin bazara na Maris da Afrilu, wanda kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ya busar da abin da ya rage. Giris ɗin da aka sa don santsi sai ya daskare kamar ƙaro. Wannan zafin ne kuma ke ƙone robar waifa ta yi tauri ta tsattsage.

Damina kuma na zuwa da nata. Ruwa na bin turakun nan biyu ya shige ciki, tsatsa ta kama su. Motar da ke kwana a waje a garuruwan bakin ruwa kamar Wara da Yelwa ta fi fuskantar laima, wadda ke cin bakunan wayoyi da mazaunin fis.

Ga kuma laka da jar ƙasa ta hanyoyin ƙauyuka a ranakun kasuwa, waɗanda ke bushewa a kan gilashi su ƙara wa waifa nauyi.

Gwaji kafin saye

Ana gane inda matsalar take ta hanyar bin matakai daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Da farko a wanke gilashi a jiƙa shi sosai. Busasshen gilashi na riƙe roba, kuma ko lafiyayyar waifa tana rage gudu a kansa.

Na biyu, a ɗaga hannuwan waifa daga jikin gilashi a kunna. Idan gudu ya ƙaru sosai, to a duba roba da hannuwan, ko sun lanƙwashe. Hakan kuma na iya nuna cewa injin ya raunana.

Na uku, a kwatanta gudunta lokacin da injin mota ke kashe da lokacin da aka tayar da shi. Lafiyayyen batir na nuna kimanin bolt 12.6 idan mota na kashe, sannan tsakanin 13.5 da 14.5 idan tana aiki.

Idan waifa na sanyi da zarar an kunna fitilu da dare, ko kuma tana farfaɗowa idan an taka totur, to a tuhumi altaneta ko fanbel da ya yi sako-sako.

Na huɗu, mai wayarin ya auna wutar da ke isa bakin injin waifa yayin da take aiki. Idan ta gaza ta batir da bolt guda ko fiye, to wutar na zubewa a hanya: a fis, ko a makunni, ko a soket mai tsatsa, ko a wayar at, wadda ke mayar da wuta ta jikin mota.

Na biyar, a raba injin da sandunan. Idan injin shi kaɗai na gudu da kyau, amma sandunan na da nauyi idan an motsa su da hannu, turakun ne suka cije. Idan kuwa shi kaɗai ma yana jan jiki, ko yana zafi da wuri, to ciwon na cikinsa.

Yadda ake gyarawa

Kafin a sa hannu a cikin sandunan, wajibi ne a cire kan batir. Injin waifa na da wani makunni a cikinsa da ke mayar da hannuwan mazauninsu ko bayan an kashe, don haka yana iya motsawa ba zato ya datse yatsa.

Turakun da suka cije, ana kwance su ne a zare, a wanke da kananzir, a goge tsatsa da samfefa mai laushi, a shafa sabon giris a mayar. Ɗiga baƙin mai daga waje na kawo sauƙi na 'yan kwanaki kawai, sannan ya tara ƙura.

Akwatin giya kuma ana buɗe shi a kankare tsohon giris gaba ɗaya, a duba haƙoran giyar, waɗanda galibi na roba ne mai tauri, sannan a sa sabo daidai gwargwado. Kada giris ya taɓa wurin da kabon ke shafa.

Idan kabon ya cinye, ana sauya shi, a kuma goge tagullar da yake shafa har ta yi haske. Wannan aiki ne da masu riwaya suka saba da shi, domin irinsa suke yi wa kik da altaneta.

Wayar at na buƙatar a kankare fenti da tsatsa daga inda aka ɗaure ta, har ƙarfe ya fito fili. A wasu lokutan wannan kaɗai ke dawo da gudun waifa.

Sai an bi duk waɗannan ba a dace ba, ko an tarar amaca ta ƙone, sannan sayen wani inji ke zama dole. Kayan tsofaffin Peugeot akan nemo su ne a kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, kuma yana da kyau a tafi da tsohon domin kwatantawa, a kuma gwada na gwanjo da batir kafin a biya.

Kurakuran da ke jawo asara

Mafi haɗari shi ne maye gurbin fis da ya ƙone da guntun waya, ko da fis mafi girma. Waifar da ta cije na jan wuta fiye da ƙima, kuma fis na ƙonewa ne domin ya kare wayoyi. Idan aka hana shi, wayoyin ne za su narke, har ta kai ga gobara.

Sa sabon inji a kan turaku masu tsatsa shi ma asara ce, domin abin da ya kashe tsohon zai kashe sabon.

Haka nan barin hannun waifa a ɗage babu roba: idan ya faɗo da ƙarfin sifirin ɗinsa yana iya fasa gilashi.

Tsohuwar matsala

Jinkirin waifa ya daɗe yana damun masu mota. Wata Ba'amurkiya mai suna Mary Anderson ce ta yi rajistar waifar da ake juyawa da hannu a 1903, kamfanin Bosch na Jamus kuma ya fito da ta lantarki a 1926.

Motocin Amurka da dama, har zuwa shekarun 1960, na amfani da waifa mai aiki da zuƙar iskar inji. Irin wannan kan yi sanyi ko ta tsaya cik idan mota na hawan tudu, daidai lokacin da direba ya fi buƙatarta.

Waifar lantarki ta kawar da wannan aibi, amma ta dogara ga giris mai kyau da wuta isasshiya.

A Najeriya, waifa na cikin abubuwan da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke jan hankalin direbobi a kansu a duk farkon damina, tare da taya da birki da fitilu.

Ga mai tsohuwar mota a yankin Yauri, lokacin da ya fi dacewa a duba ta shi ne watan Maris ko farkon Afrilu, kafin hadari ya fara haɗuwa. Kunna ta na ɗan lokaci a kan jiƙaƙƙen gilashi sau ɗaya a mako a tsawon rani kuma na hana turakun cijewa.

Idan kuwa ruwa ya tsuge a kan hanya waifa ta gaza, abin yi shi ne a rage gudu, a sauka gefen titi inda babu kwari, a kunna fitilun gargaɗi, a jira ruwan ya tsagaita.